Daga wuri zuwa alat: kuɗin makarantar da ɗan kasuwa ke biya a kowane zamani

Ranar Alhamis da ta wuce ina ofis, ko fayil ɗin farko ban buɗe ba, sai ga kiran ƙanina. Yana da ɗan shago a Kantin Kwari, atamfa yake sayarwa. Daga sallamarsa na san ba lafiya ba. Ya ce, "Yaya, an cuce ni." Wai ranar Laraba da yamma wani mutum ya zo, shiga ta kamala, ga hula ga carbi a hannu. Ya zaɓi atamfa turmi takwas, aka yi ciniki aka daidaita, ya ce zai yi tiransifa. Ya daddanna waya, ya juyo da ita ya nuna rasit, kafin a ce me sai ga saƙo ya faɗo wayar ƙanina da sunan banki da adadin kuɗin cif. Ya ɗaure kaya, har ya sa yaron shago ya kai masa bakin titi ya saka a adaidaita sahu. Sai bayan magariba, da ya zo zai tura wa uban gidansa kuɗin kaya, ya buɗe manhajar banki ya tarar ko kwabo bai shiga ba. Kuma kayan ba nasa ba ne, bashi ya ɗauko su.

Na ba shi haƙuri, na faɗa masa inda zai kai ƙara, amma abin ya tsaya min a rai yini guda. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi fiye da shekara talatin a wannan kasuwa. Yakan tura kaya Maiduguri da Sakkwato ga mutanen da wani lokaci sai ya shekara bai sa su a ido ba, babu waya, babu rasit. Ban ce ba a taɓa cutarsa ba, an cuce shi. Amma ban taɓa jin wanda ya tsaya a gabansa ido da ido ya biya shi da iska ya tafi da kaya ba. To me ya canza? Shi ya sa na ce bari in zauna in bi tarihin abin, domin wanda ya san yadda muka zo nan zai fi saurin gane inda ramin yake. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Mu faro daga nesa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, wuri ne kuɗin kasuwar Kurmi. Ya rubuta cewa ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ka auna wanda zai sayi doki: sai an zauna a ƙasa ana ware wuri biyar-biyar, sannan a nemi ɗan dako ko jaki ya ɗauka. Fataken da ke zuwa Gwanja saro goro, can ƙasar Ghana ta yanzu, galibi kaya suke ɗauka, kanwa da tufafi da fatu, su sayar a hanya su sake saye, tafiyar watanni a bayan madugu.

Tun a wancan zamani matsalar ɗan kasuwa biyu ce: nisa da amana. Ta yaya kuɗi zai je inda ƙafarka ba ta je ba? Kuma ta yaya za ka tabbata wanda ya ce ya biya, ko zai biya, gaskiya yake faɗa? Kakanninmu da mutane suka warware wannan. Akwai fatoma, mai masaukin baƙi, wanda falke ke sauka a gidansa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye. Akwai dillali mai cin la'ada, kuma ba haɗa ciniki kaɗai ake biyansa ba, shaida ne shi. In rigima ta taso gobe, shi za a kira. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan Hausawan can. Ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan garin shanun Arewa bashi, ba takarda ba sa hannu, mai gida ne ke tsayawa a tsakani. In mahauci ya ƙi biya, mai gidan ne zai ɗauki nauyi, shi kuma mahaucin ba mai sake ba shi sa har sai ya sauke bashin. A riƙe wannan, za mu dawo kansa: a kowane ciniki akwai wani mutum na uku da aka sani, wanda zai yi asarar mutuncinsa in aka yi ƙarya.

Zuwan Turawa ya kawo tangaraho, jirgin ƙasa da kuɗin ƙarfe. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Kalmar waya da muke faɗa yau asalinta zaren ƙarfen nan ne da aka ja a kan turaku, kuma a da in aka ce an buga waya, saƙon tangaraho ake nufi. Shi ya sa har gobe muke cewa gidan waya. Wuri ya ja baya, aka shiga anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule da fam. Wanda zai aika kuɗi nesa sai ya je gidan waya ya sayi fasa'oda, takardar da za a kai wani gidan wayar a karɓi kuɗi. Naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu, 1973.

A Afrilun 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, aka sauya launin takardun naira, aka rufe iyakoki, aka ba mutane wa'adin da bai kai mako biyu ba. Mahaifinmu ya sha ba mu labarin. Shi ya tsira saboda yana da asusu a banki, wanda ya buɗe ba da son ransa ba. Amma ya san mutanen ƙauye da suka iso gari da kuɗinsu a ƙunshe bayan an rufe ƙofa. Su ne suka biya kuɗin makarantar wancan zamani, kuma laifinsu bai wuce rashin samun labari da wuri da rashin hanya ta biyu ba.

Ni abin da na gani da idona ya fara ne daga zamanin NITEL, kamfanin wayar gwamnati da aka kafa a 1985. Har muka shiga 2001, layukan waya da ke aiki a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, ga al'umma fiye da miliyan 120. A layinmu kaf gida ɗaya ne ke da waya, lambar nan mai farawa da 064. In ɗan'uwanka zai kira daga Legas ko Jidda, sai ya kira ya ce a kira masa wane, ya kashe, a aiko yaro da gudu, ka zo ka zauna a zauren mutane kana jiran ya sake kira. Wanda ba shi da wannan gata, direban mota ne gidan wayarsa. Ka rubuta wasiƙa, ka naɗe kuɗi a ciki, ka kai tasha ka danƙa wa direban da aka sani. Iyayenmu mata kuwa kaset suke ɗauka da muryarsu a kai wa 'yan'uwa a Saudiyya. A lura, har a nan akwai mutum a tsakiya. Direban yana da suna, yana da tasha, yana da shugabannin ƙungiya da za a kai ƙararsa wurinsu.

A Janairun 2001, zamanin Obasanjo, hukumar NCC ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki, daga baya sabis ya iso mu. Ina jami'a lokacin. Layi kaɗai, ba waya ba, yana kaiwa naira 20,000, alhali mafi ƙarancin albashin ma'aikacin tarayya naira 7,500 ne. Kira minti ɗaya naira 50, ko daƙiƙa biyar ka yi an cire maka na minti. Sai da Globacom ta Mike Adenuga ta shigo a Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa, sannan sauran suka bi dole. Econet ɗin nan ita ce ta riƙa sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ta zama Airtel a 2010.

Talaka bai jira farashi ya sauko ba, ya ƙirƙiro dabarunsa. Aka samu masu lema da tebur a bakin titi, ka biya ka yi kira. Aka samu filashin: in na yi maka ɗaya, na sauka lafiya, in biyu ne, kira ni. Mai hatsi a Dawanau ya daina tura yaro ya kwana a mota don kawai ya jiyo farashi a wata kasuwa. Farm Centre da titin Beirut suka cika da samari masu sayar da waya da gyara ta, sana'ar da babu ita a shekarar 2000. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne yadda aka fara tura kuɗi da katin waya. Ɗan ci-rani a Legas zai sayi kati, ya kankare, ya karanto wa ƙaninsa lambobin a ƙauye, shi kuma ya kai wa mai lema ya saya da ɗan ragi. Muna wannan tun kafin a ji labarin M-Pesa da aka fara a Kenya a 2007. Kuma tun a lokacin 'yan damfara suka biyo sawu. Wa ya manta saƙon nan na cewa ka ci gasar miliyan ɗaya, ka turo kati a buɗe maka fayil? A nan ne karo na farko da mutanenmu da yawa suka miƙa dukiyarsu ga wanda ba su san fuskarsa ba, ba su san tasharsa ba.

Daga nan banki ya riƙa shigowa cikin waya sannu a hankali. A 2011 aka fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, lambar asusu ta koma goma. A Janairun 2012 Babban Banki, lokacin Sanusi Lamido Sanusi, ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, a Yulin 2013 shirin ya iso Kano da wasu jihohi da Abuja. A 2013 ɗin aka fitar da ƙa'idojin wakilan banki, waɗanda su ne masu POS na yau. BVN ta zo a Fabrairun 2014. A Disamban 2020, lokacin Sheikh Pantami yana ministan sadarwa, aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN. A Oktoban 2021 aka ƙaddamar da eNaira, wadda har yau ban ga mai cinikin tumatir da ita ba. Amma duk da wannan jerin, a kasuwanninmu tsaba ce ke mulki. Shi kansa ƙanina, har 2022, in ka ce za ka yi masa tiransifa sai ya ɓata rai.

Abin da shekara goma na wa'azi bai yi ba, mako shida na wahala ya yi shi. Ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, yana cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da ke yawo ba sa cikin bankuna. Sababbin suka fito a tsakiyar Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffi, sababbi kuma babu. Duk mun ga abin da ya biyo baya. Ni da albashina a asusu, na kwana biyu ina bin layin ATM, a ƙarshe na biya mai POS naira 1,500 don ya ba ni 10,000. Manhajojin bankuna suka riƙa tsayawa saboda cunkoso, ka tura kuɗi ya fita daga wurinka bai shiga can ba. Mai kayan gwari ya karyar da kayansa don wanda zai ba shi tsaba. Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Amma kafin nan an riga an tsallaka. Mai shayi, mai nama, mai gyaran takalmi, mai ƙosai, kowa ya manna lambar asusu a jikin tebur. Kamfanoni irin su OPay, PalmPay da Moniepoint suka kwashi jama'a, saboda a lokacin tiransifarsu ta fi saurin wucewa.

To ga inda nake so mu tsaya mu duba. Mun shiga wannan tsari ne a guje, ba wanda ya koya mana. Kuma tsarin ya warware matsalar nisa fiye da yadda kakanninmu za su iya mafarki: daga Kwari za ka biya mai kaya a Legas kafin shayinka ya huce. Amma ya cire mutumin nan na uku. Babu fatoma, babu dillali, babu direban tasha. Abin da ya tsaya a gurbinsu rubutu ne a fuskar waya, rubutu kuwa kowa na iya ƙirƙirarsa. Ba kewar da nake yi ba, an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ba na fatan komawa zaman zauren mutane ina jiran kira. Abin da nake cewa shi ne aikin da shaida ke yi a da, yanzu ya dawo kan mai shago shi kaɗai. Ga abubuwan da na faɗa wa ƙanina, kuma nake ganin duk mai ƙaramar sana'a da mai saye ya kamata ya riƙe.

Na farko, alat ba kuɗi ba ne. Saƙon tes da ke shigowa ana iya turo shi daga intanet da sunan da aka ga dama a matsayin mai aikowa. Rasit ɗin da ake nuna maka kuwa hoto ne, akwai masu gyara shi su sa sunanka da adadi da lokaci. Shaida ɗaya ce tabbatacciya: ka buɗe manhajarka da hannunka, ko ka danna lambar bankinka, ka ga kuɗin ya hau kan abin da ke asusun. In kana da na'urar POS mai nuna shigowar tiransifa, ka duba a kanta. Kaya ba sa barin shago sai an ga wannan. Kuma dokar ta hau kan kowa, domin ɗan damfara ba ya zuwa da yagaggiyar riga, kunyarka yake nema. Ba sai ka ci mutuncin kowa ba. "Alhaji, a ɗan zauna a sha ruwa, netwok ne bai kawo ba tukuna." Mai gaskiya zai zauna. Wanda ya fara gaggawa yana cewa mota za ta tashi, ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu, kada ka rataya sana'arka a ƙusa ɗaya. Darasin 1984 da na 2023 kenan. A 2013 an katse sabis a Borno, Yobe da Adamawa saboda tsaro. A Satumban 2021 an katse a Zamfara, sannan wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. A tsakiyar Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da yawa suka rikice na kwanaki. Ka mallaki asusu biyu a wurare daban-daban, layi biyu na kamfanoni daban-daban, ka san lambar da ake dannawa ta bankinka wadda ke aiki ko a ƙaramar waya ba data, sannan ka ajiye 'yar tsabar da za ta riƙe ka kwana biyu ko uku.

Na uku, layin wayarka shi ne makullin shagonka. Ɓarawon waya a yau sau da yawa ba wayar ce gabansa ba, layin yake so. Zai cire shi ya saka a wata waya, ya binciko BVN ɗinka da bankin da kake, ya fara sayen kati da kwasar abin da ya samu. Maganin mai sauƙi ne, amma kaɗan ne ke yi: ka sa wa shi kansa layin lambar sirri, ba allon waya kaɗai ba, ta yadda duk wanda ya saka shi a wata waya sai an tambaye shi. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu, ka rubuta ta a takarda a gida. In aka sace waya, rufe asusu ne farko, sannan rufe layi, kukan waya daga baya. Kuma layin da kwastomominka suka sani, da wanda ke haɗe da asusun shago, ya zama da sunanka da NIN ɗinka aka yi masa rajista. Na san wanda yaron shagonsa ya tafi da layi, ya tafi da rabin kwastomomi, kuma a takarda layin na yaron ne.

Na huɗu, lambobin da ake turo maka naka ne kai kaɗai. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrin katinsa ko lambar nan ta wucin gadi da ake turowa lokacin ciniki. Duk wanda ya kira ya ce za a rufe asusunka in ba ka karanto masa ba, kashe wayar ka je reshe da ƙafarka. Haka WhatsApp. Za a kira ka a ce ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai za ta yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida, karanto. Da ka karanto sun ƙwace shafinka, su fara bin 'yan'uwanka da kwastomominka da sunanka suna neman rance. Shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbaci mai mataki biyu, bai fi minti biyu ba. In kuma saƙo ya zo daga wanda ka sani yana neman kuɗi, ko mai kayanka ya rubuto cewa ya canza lambar asusu, kira shi ka ji muryarsa, ka yi masa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta.

Na biyar, in baƙon kuɗi ya shigo asusunka, wani ya kira yana kuka wai kuskure ne, ka mayar masa ta wani asusu daban, kada ka yi. Ta yiwu kuɗin sata ne ake son wankewa ta hannunka, gobe a rufe asusunka ko a zo da 'yan sanda. Ka ce ya bi ta bankinsa, kai ma ka sanar da naka, a mayar da kuɗin inda ya fito.

Na shida, san inda kake ajiya. Ka tabbata wurin yana da lasisin Babban Banki da inshorar hukumar NDIC. A 2024 an ɗaga abin da hukumar ke biyan mai ajiya in banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankuna na maikirofainans. Ba zance ne na nesa ba, a Yunin shekarar aka soke lasisin bankin Heritage. Wanda jarinsa ya haura wannan, ya raba ƙafa. Amma duk manhajar da ta ce ka zuba kuɗi su ninka cikin wata ɗaya ba tare da ka ga abin da ake saye da sayarwa ba, ka tuna MMM da ta rufe a Disamban 2016 da kuɗin jama'a. Suna kawai suke canzawa.

Na bakwai, littafi bai mutu ba. Ka raba asusun shago da na cefane. Ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kullum, har da ƙananan cire-ciren nan, harajin naira 50 a kan tiransifar da ta kai 10,000, kuɗin saƙon tes, cajin POS, data, wadda ita ma ta ƙara tsada bayan NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ɗaya-ɗaya ba komai ba ne, a ƙarshen wata za ka ga sun ci ribar turmi guda. In na'ura ta cire kuɗi ba ta biya ba, a riƙe rasit, a kai ƙorafi banki a rubuce, a karɓi lambar ƙorafin. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Banki. Matsalar layi kuwa, 622 ce lambar ƙorafi ta NCC, kuma kyauta ce. Rubuta bashi da kafa shaida ba Bature ya koya mana ba, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kansa take magana.

Na san wani zai ce ina laifin gwamnati da bankuna da kamfanonin waya? Akwai, kuma ba kaɗan ba. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda ake zama a ofis a tsara abu ba a tambayi wanda abin zai faɗa wa ba. An tura miliyoyin mutane cikin tsarin da yawancin bayanansa da Turanci ne, a yankin da ƙananan hukumomi da dama ba su da reshen banki ko ɗaya. Ya kamata a matsa a kan wannan. Amma kafin a gyara, shago na buɗe gobe da safe, kuma mai carbin nan yana can yana neman wani.

Game da ƙanina, ya kai rahoto, an ce ana bincike, ni dai ban sa rai ba. Ranar Juma'a na raka shi wurin uban gidansa, dattijon da suka yi zaman kasuwa da mahaifinmu. Muka gaisa, na fara tsara magana, ya ɗaga min hannu. Ya ce ya riga ya ji, labari ba ya kwana a Kwari. Ya dubi ƙanina ya ce, "Kai yaro, ubanka bai taɓa cin kwabona ba. Ka je ka biya a hankali cikin wata uku, gobe ka zo ka ɗauki wasu kayan. Amma daga yau ka riƙa dubawa." Ba takarda, ba sa hannu, ni ne shaida. Da muka fito na ce masa ya ba ni wayarsa, a nan bakin ƙofa muka sa wa layin lambar sirri.

Roƙona ga wanda ya karanta har nan: yawancin waɗanda abin ya fi shafa ba za su ga wannan rubutu ba. Mahaifiyarka mai sayar da ƙuli-ƙuli a gida, mai shayin layinku, mai kayan miya da kake saye wurinsa kullum. Ka zauna da su minti goma, ka nuna musu yadda ake duba asusu da yadda ake rufe shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mana halalinmu, Ya mayar wa duk wanda aka cuta da mafi alheri.